Irin da Aka Sauya wa Ƙwayoyin Gado: Amsoshin Tambayoyin Manoma, Masu Kiwo da Masu Girki a Sudan

Tambayoyin nan su ne suka fi yawo a tsakanin Hausawan Jazira, Sinnar, Gadarif da Kasala, a bakin hawasha, a kasuwar hatsi, da cikin saƙonnin murya da dangi ke turowa daga Kano ko Makka. Wasu na manoman auduga ne, wasu na iyaye mata masu riƙe da tukunya, wasu na masu kiwo. Inda bincike ya yanke magana mun faɗe ta kai tsaye. Inda masu adawa da wannan iri suke da gaskiya, mun ba su gaskiyarsu.

Wai me aka yi wa irin da ake kira muhawwar, ko GMO?

Kowace shuka tana ɗauke da dubban ƙwayoyin gado. Su ne ke tsara tsawon kara, launin ƙwaya, lokacin nuna, da ire-iren furotin da shukar ke sarrafawa a jikinta. A ɗakin bincike ana ɗauko ƙwayar gado ɗaya ko biyu da aka san aikinsu, galibi daga wata bakteriya ta cikin ƙasa, a dasa su cikin ɗan yankin ganye ko tsiro. Hanya biyu aka fi bi: ko a yi amfani da bakteriyar Agrobacterium, wadda ko a daji aikinta ke nan, cusa ƙwayoyin gadonta cikin tsirrai, ko a harba su ciki a jikin burbushin zinariya. Daga yankin da ya karɓa sai a raino cikakkiyar shuka, a zaɓi guda cikin ɗaruruwa, sannan a aurar da ita da irin da ya dace da ƙasar da za a noma.

Ba allura ake yi wa ƙwayar iri ba, ba kuma jiƙa ta ake yi da magani ba. Ja ko koren launin da kuke gani a jikin irin kamfani maganin fumfuna da ƙwari ne da ake shafa wa kowane iri, muhawwar ne ko na gargajiya. Shi wannan guba ne na gaske. Kada a ci, kada a ba kaji ragowarsa.

An fara noman muhawwar gadan-gadan a 1996 a kan hekta miliyan 1.7. Zuwa 2019 ya kai kusan hekta miliyan 190 a ƙasashe 29, kuma kusan dukkansa abu huɗu ne: waken soya, masara, auduga da kanola (shukar da ake matse mai daga ƙwayarta). Halaye biyu ne suka mamaye shi, kashe tsutsa da jure maganin ciyawa.

Hajin da muke saya ma muhawwar ne?

A'a. Hajin, wato iri mai aure, ana samun sa ne ta haɗa uwa da uba na shuka iri ɗaya a gona, ba a shigo da komai daga wata halitta. Hageen Dura-1, dawar da Gebisa Ejeta ya fitar a nan Sudan a 1983, mai aure ce. Tabat da Wad Ahmad kuwa ingantattun irin dawa ne da aka zaɓo ta hanyar da aka saba. Kankana marar ƙwallo, tumatir manya masu kauri, da kajin gidan gona masu isa yanka a mako shida, duk ba muhawwar ba ne.

To a Sudan me ake nomawa wanda aka sauya?

Auduga kaɗai. An kafa dokar kula da wannan fanni a 2010, a 2012 kuma aka ba da izinin noma audugar Bt, wato mai kashe tsutsa, mai suna Seeni 1 da ta zo daga Sin. A shekarar farko an shuka kimanin hekta 20,000. A 2015 aka ƙara masu aure biyu daga Indiya, Hindi 1 da Hindi 2. Bisa ƙididdigar ISAAA, ƙungiyar da ke goyon bayan wannan fasaha, filin ya haura hekta 200,000 a 2018, a Jazira, Rahad, Sabuwar Halfa, Suki da gonakin damina.

Dawa, gero, riɗi, gyaɗa, kuɓewa, yakuwa, ful da dabino babu muhawwar ɗinsu a kasuwa ko'ina a duniya. Kisrar da kuke ci da asidar gero ba su shiga wannan magana ba. Inda muhawwar ke shigo mana ciki shi ne man angurya, man waken soya da na masara da ake shigowa da su, da abincin kaji da ake haɗawa da waken soya daga Brazil, Ajantina ko Amurka.

Man angurya fa? Da shi nake soya ta'amiyya da ƙosai na sayarwa.

Hajiya, ci gaba da sana'arki, amma ki tabbata tataccen mai kike saya. Abin da aka ƙara wa audugar Bt furotin ne, shi kuwa furotin ba ya bin mai. Bayan matsa, a masana'anta ana wanke man da soda, a tace shi da ƙasar tacewa, a bi da shi cikin tururi mai zafin da ya haura digiri 200. Abin da ya fito, ko ɗakin gwaji da wuya ya bambance na audugar Bt da na audugar gargajiya. Man da za ki guje wa shi ne ɗanyen man angurya mai duhu, ja-ja baƙi-baƙi, wanda ba a tace ba. Dalilin yana cikin amsar tambayar haihuwa a ƙasa.

Abin da ke kashe tsutsa, ta yaya ba zai taɓa mutum ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace ma'ana, kuma ta cancanci cikakkiyar amsa.

Bt gajeren sunan Bacillus thuringiensis ne, bakteriyar da ke cikin ƙasa. An fara gano ta a Japan a 1901 tana kashe tsutsar siliki, kuma tun 1938 ake sayar da ita a Faransa a matsayin maganin feshi. Har yau masu noman da ba sa amfani da sinadaran zamani suna fesa ta a kan kabeji da latas.

Kafin furotin ɗinta ya yi kisa sai abu uku sun haɗu. Sai ya shiga hanjin da ruwansa mai kanwa ne, kamar na tsutsa, inda awon tsami da kanwa ke kaiwa 9 ko 10. Sai sinadaran narkar da abinci na tsutsar sun gutsure shi ta inda zai farka. Sannan sai ya sami wurin kamawa na musamman a bangon hanjin, ya huda shi, tsutsar ta daina ci ta mutu cikin kwana biyu ko uku. Kamar mabuɗi ne da kwaɗonsa: mabuɗin yana shiga cikinmu, amma babu kwaɗon da zai buɗe. Cikin ɗan Adam mai tsami ne ƙwarai, awonsa tsakanin 1.5 da 3.5, yana narkar da wannan furotin kamar yadda yake narkar da na wake. An ɗura wa ɓeraye har giram 4 a kan kowane kilo na nauyin jikinsu, ba a ga illa ba. Takamaimancinsa ya kai ga cewa nau'in da ke kashe tsutsar ƙwallon auduga ba ya yi wa farin ƙuda ko darɓa komai, alhali a ganye ɗaya suke ci.

Ƙwayar gadon da aka dasa ba za ta shiga jinina ta canza ni ba?

Ba za ta canza ka ba. Duk lomar da ka kai baki, ta nama ce ko ta ganye, cike take da ƙwayoyin gadon abin da ka ci, kuma hanji yana farfasa su gaba ɗaya ba tare da tambayar daga ina suka fito ba. A 2015 masu bincike sun gano cewa dankalin Hausa yana ɗauke da ƙwayoyin gadon Agrobacterium da suka shige shi tun dubban shekaru, ba da hannun kowa ba.

Wane gwaji ake yi kafin a saki iri, kuma wa ke yin sa?

Ƙa'idojin da hukumar Codex, ta haɗin gwiwar hukumar lafiya ta duniya (WHO) da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO), ta fitar a 2003 su ake bi. Ana noma sabon irin gefe da gefe da ɗan'uwansa da ba a taɓa ba, a auna furotin, mai, bitamin, ma'adanai da gubar da shukar ke da ita tun asali. Ana gwada tsarin sabon furotin da na duk abubuwan da aka san suna ta da borin jini. In kamar ta kai kashi 35 cikin 100 a wani tsayayyen yanki, sai an zurfafa bincike. Ana jefa shi cikin ruwa mai kama da na cikin mutum a ga ko zai narke da wuri. Ana ɗura wa ɓeraye mai yawa lokaci guda. Tarayyar Turai, tun 2013, ta wajabta a ciyar da ɓeraye abincin kansa na kwana 90.

Ga inda masu suka ke da hujja: yawancin waɗannan gwaje-gwaje kamfanin da ya mallaki irin ne ke biyan kuɗinsu, hukuma kuma ta duba takardun. Abin da ya rage nauyin wannan suka shi ne binciken da aka yi da kuɗin gwamnatoci. A 2010 Tarayyar Turai, wadda ba ta cika son muhawwar ba, ta taƙaita ayyukan bincike sama da 130 na shekara 25, ta ce ba a ga haɗarin da ya wuce na irin gargajiya ba. A 2016 cibiyoyin kimiyya na ƙasa na Amurka sun bi ta kan bincike kusan 900, sun kuma gwada yawan ciwon daji, ciwon ƙoda, ƙiba da borin abinci a Amurka da Kanada, inda ake cin muhawwar tun 1996, da na Ingila da yammacin Turai, inda ba a cika ci ba. Ba su ga bambancin da za a jingina wa muhawwar ba.

Duk da haka hukuncin na iri-iri ne, ɗaya bayan ɗaya. Ingancin audugar Bt ba shaida ba ne ga wani irin da za a kawo gobe. Haƙƙinmu ne mu nemi a gwada kowanne a ƙasarmu, a kuma buga sakamakon kowa ya gani.

An turo min hoton ɓeraye da manyan ƙari a jikinsu, an ce masarar GMO suka ci.

Hoton na gaske ne, daga binciken Gilles-Éric Séralini na Faransa da aka buga a 2012 kan masarar NK603. Matsalarsa biyu. Ɓerayen da ya yi amfani da su, nau'in Sprague-Dawley, in suka kai shekara biyu da yawansu kan fitar da ƙari ko me suka ci. Kuma goma-goma kawai ya sa a kowane rukuni na maza da na mata, adadin da bai isa a raba illa da katari ba. Ɓerayen da ba su ci masarar ba su ma sun yi ƙari, sai dai ba hotonsu ne ya zaga duniya ba. Mujallar ta janye binciken a 2013, wata mujallar ta sake buga shi a 2014.

Ba a bar maganar a nan ba. Tarayyar Turai ta biya aka maimaita gwajin da masarar nan dai, na shekara biyu, da ɓeraye hamsin-hamsin a kowane rukuni. Sakamakon ya fito a 2019, ba a ga ƙarin ciwon daji ko wata illa ba.

Ke nan ba a taɓa samun matsala ba?

An samu. A 1996 an ruwaito cewa waken soya da aka sa wa ƙwayar gadon wata gyaɗar itace ta Brazil, don ƙara masa amfani ga dabbobi, ya ɗauko abin da ke ta da borin jini ga masu ƙin wannan gyaɗa. An yi watsi da shi tun bai isa kasuwa ba. A 2000 kuma masarar StarLink, wadda aka yarda da ita don dabbobi kawai saboda furotin ɗinta ba ya narkewa da sauri, ta ɓulla cikin abincin mutane a Amurka. An janye kayayyaki masu yawa daga kantuna. Gwajin jinin waɗanda suka yi ƙorafi bai tabbatar da cewa ita ta jawo musu ba, amma ta nuna cewa hatsi in ya shiga kasuwa ba ya tsayawa inda takarda ta ce ya tsaya.

Ana cewa yana kashe haihuwa, da gangan aka kawo mana shi.

Malam, babu binciken da ya nuna furotin Bt yana taɓa haihuwar mutum ko dabba. Amurka da Brazil, da suka fi kowa noma muhawwar, su ma cin sa suke yi.

Sai dai akwai abin da ke cikin angurya da ke raunana maniyyi, kuma yana nan tun kafin a san wani abu wai shi Bt. Sunansa gosifol, yana cikin baƙaƙen ɗigon da kake gani in ka fasa ƙwayar angurya, kusan kowace irin auduga ce. A shekarun 1950 an lura haihuwa ta ragu a wasu ƙauyukan Sin da ke girki da ɗanyen man angurya, har a shekarun 1970 aka gwada gosifol a kan dubban maza a matsayin maganin hana haihuwa. Tacewa tana cire shi daga mai. Wanda ke tsoron haihuwarsa, ɗanyen mai zai gudu, ko daga audugar kakanninmu aka matse shi.

Ina ba shanu da tumaki angurya da ambaz ɗinta, wato abin da ya rage bayan an matse mai. In ci gaba?

Ci gaba, da awo. Tumbin babbar dabba mai tuƙa yana ɗaure yawancin gosifol, amma yana da iyaka. Saniya babba kada ta wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinta a yini, wato mai kilo 300 ta ci kilo ɗaya da rabi. A fara da ɗan kaɗan a riƙa ƙarawa cikin mako biyu, tare da harawa ko kara. Maruƙa da 'yan tumakin da ba su fara tuƙa sosai ba kada a ba su ko kaɗan, domin gosifol na kama musu zuciya, sai a wayi gari a tarar da su a mace ba tare da dogon ciwo ba. Bijimi ko ragon barbara a janye masa angurya wata biyu kafin lokacin aiki. Kaji masu ƙwai in suka ci da yawa, gwaiduwa kan koma kore-kore bayan ajiya.

Game da Bt kuwa, wani nazari na 2014 ya duba bayanan dabbobi sama da biliyan 100 a Amurka, kafin zuwan abincin muhawwar da bayansa, bai ga lafiyarsu ta ja baya ba. A sani dai mafi yawansu kajin nama ne masu gajeren rai. Madara, nama da ƙwai na dabbar da ta ci ba su bambanta da na wadda ba ta ci ba.

Maganin ciyawar da ake haɗa shi da GMO fa, ba shi ke kawo ciwon daji ba?

A nan masana kansu ba su haɗu ba. A watan Maris na 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta WHO ta sa gilaifoset, wato wannan maganin ciyawa, cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo ciwon. Hukumar kula da abinci ta Turai da kwamitin haɗin gwiwa na FAO da WHO sun ce a adadin da ke zuwa cikin abinci da wuya ya jawo, kuma a 2023 Turai ta sabunta izininsa na shekara goma. Cibiyar farko tana tambayar ko abu zai iya cutarwa a wani hali, na biyun suna tambayar ko yana cutarwa a adadin da ake haɗuwa da shi.

Ko wanne ka bi, mai feshi ya fi mai ci shiga haɗari nesa ba kusa ba. Safar hannu ta roba, takalmin roba, riga mai dogon hannu da abin rufe hanci ba ado ba ne. Kada a yi feshi da tsakar rana ko iska na kaɗawa. A ɗauraye galan sau uku, a zuba ruwan cikin tankin feshi, a huda galan ɗin. Ganin galan ɗin magani ya koma na ɗebo ruwan sha daga tur'a abu ne da ya kamata ya tayar wa kowa hankali fiye da duk wani saƙon WhatsApp.

Manomin auduga kuma ya kiyaye: Seeni 1 tsutsa take kashewa, ba ta jure maganin ciyawa. Ka fesa mata gilaifoset, ta ƙone tare da ciyawar.

Gaskiya ne irin ba ya tsirowa karo na biyu?

Yana tsirowa. An yi rajistar wata fasahar kashe tsiron iri a Amurka a 1998, duniya ta yi ca, a 2000 yarjejeniyar kare halittu ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta dakatar da ita, ba a taɓa sayar da ita ba. Abin da ke faruwa shi ne, in irin mai aure ne kamar Hindi, 'ya'yansa kan rarrabu: tsawo ya bambanta, nuna ta bambanta, kuma in ƙwayar Bt daga ɓangare ɗaya ta zo, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsiron zai fito babu kariya. Shi ya sa ake komawa wurin mai iri kowace shekara. Damuwar cewa manomi zai zama a hannun 'yan kamfanoni ƙalilan damuwa ce ta gaske, kuma ba ta da alaƙa da ko abincin yana da guba.

Na shuka Bt amma ga tsutsa a ƙwallo, ga farin ƙuda ya cika ganye. An cuce ni ne?

Dalilin na iya zama ɗaya cikin huɗu. Na farko gurɓataccen iri: anguryar da aka kwaso daga injin gurza aka zuba a buhu mai tambari. Na biyu, ƙarfin furotin yana raguwa in shukar ta tsufa, ko ta sha ƙishi, ko ruwa ya kwanta mata, don haka tsutsar ƙarshen kaka kan tsira. Na uku, Bt ba ruwansa da masu tsotso. Farin ƙuda, jasid (ƙaramin ƙwaro mai tsalle), darɓa da ƙwaron nan mai farin gari suna nan, wani lokaci ma sukan ƙaru in an rage feshin da a da yake kashe su tare da tsutsa. Dattawan Jazira ba su manta yadda danƙon farin ƙuda ya karya darajar audugar Sudan a wajajen 1980 ba. Sai an riƙa zaga gona kowane mako ana juya ganye, a yi feshi in ƙwarin sun kai adadin da mufattishin gona ya faɗa.

Na huɗu shi ne mafi muni, tsutsar ta saba. A Indiya jar tsutsar ƙwallo ta fi ƙarfin audugar Bt ta farko a Gujarat a wajajen 2009, ta biyun ma ta bi baya cikin 'yan shekaru. Rigakafinsa shi ne mafaka: a kowane fadan huɗu na Bt a shuka fadan ɗaya na audugar da ba Bt ba, a yi mata feshi in ta buƙata amma ba da maganin Bt ba, ko a bar kashi 5 cikin 100 ba feshi sam. Tsutsotsin da suka tashi a mafaka su ne za su auri 'yan tsirarun da suka jure, 'ya'yansu su fito marasa juriya. Manomi kan ga kamar asarar fili ce, amma in kowa ya ƙi, kowa zai rasa irin. A kuma tuge karan auduga a ƙone bayan tsinka, kamar yadda dokar Jazira ta tanada tun da daɗewa.

Akwai kuma darasin Burkina Faso. Ta fara Bt a 2008, ta bar shi a 2016, ba don wani ya yi ciwo ba, sai don zaren ya gajarce, farashinsa ya faɗi. Ƙwayar Bt ba ta da laifi a nan, irin da aka aurar da ita ne ba a gyara da kyau ba.

Ta yaya zan gane muhawwar?

Da ido ba za ka gane ba. Na iri ko ganye akwai tsinken gwaji. A murƙushe ƙwaya ɗaya, ko ɗan yankin sabon ganye, cikin ruwan da ke zuwa tare da tsinken, a tsoma shi, a jira minti 5 zuwa 10. Layi biyu, akwai Bt. Layi ɗaya na sama, babu. Babu layi ko ɗaya, tsinken ya lalace, galibi saboda zafi. A gwada ƙwaya goma ko ashirin daban-daban daga sassan buhu, domin ƙwaya ɗaya ba ta ba da labarin gauraye. Kowane tsinke furotin ɗaya yake gani, na auduga ba lallai ya yi aiki a kan masara ba.

Masu zuwa Saudiyya su duba jikin kwali. Tun 2001 ƙasar ta wajabta rubuta alama, kuma a ƙa'idar ƙasashen Gulf in abin da aka sauya ya haura kashi 1 cikin 100 sai an bayyana, za a ga an rubuta "mu'addal wirasiyyan".

Halal ne?

Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna kan wannan a Makka a 1998, zamanta na 15. Ta halatta amfani da fasahar a noma da kiwo, da sharaɗin a ɗauki duk matakan hana cutar da mutum, dabba ko muhalli ko da a nan gaba ne, ta kuma nemi kamfanoni su bayyana abin da ke cikin kayansu. Ta hana wasa da halittar ɗan Adam. Ƙwayar Bt daga bakteriyar ƙasa take, ba daga alade ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana da damar bari, shi ya sa rubuta alama a jikin kaya ya zama wajibi a ganinmu.

Abincin agaji da ake rabawa, mu ci?

Ku ci, ku ba yara. Garin masara da waken soya da man gwangwani na iya fitowa daga muhawwar, irin wanda ake ci a ƙasashen da suka aiko. Dawa da adas ba muhawwar ba ne. An tabbatar da yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam a Darfur a watan Agustan 2024, kuma yaron da ya rame ba shi da lokacin jiran muhawara. A 2002 Zambiya ta ƙi karɓar masarar agaji ana tsakiyar fari, maƙwabtanta kuwa suka karɓa da sharaɗin a niƙa. Sharaɗin yana da hikima: hatsin agaji na ci ne, kada a shuka. Ba a zaɓe shi don ƙasarku ba, kuma masara iska ke ɗaukar mata bununi zuwa gonar maƙwabci.

Tunda Najeriya ta yarda da wake da masara, me zai hana a kawo mana dawa muhawwar?

Najeriya ta saki waken SAMPEA 20-T a 2019, daga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, don maganin tsutsar fure da kwanso, ta kuma saki masarar TELA a 2024. Muhawara a can ba ta lafa ba. Wake yawanci kansa yake yi wa barbara, don haka yaɗuwarsa ba ta da sauri.

Dawa a Sudan wata magana ce daban, kuma a nan mu masu taka-tsantsan ne. Ƙasar nan tana cikin mahaifar dawa. Adar, dawar daji da ke addabar gonakin Gadarif, 'yar'uwarta ce, suna barbarar juna. In aka sa wa dawa jure maganin ciyawa, ba za a daɗe ba adar ta gaje shi, kuma abin da ya shiga daji ba ya dawowa. Ga shi rumbun adana iri na Hukumar Binciken Noma a Wad Madani ya sha ɓarna bayan yaƙi ya isa garin a Disambar 2023, ko da yake akwai kwafin wasu irin a rumbun Svalbard na Norway. Duk mai tsohon irin faterita, gero ko riɗi na gidansu ya riƙe shi da kyau: a zaɓi zangarniya tun a gona, a busar sosai, a ajiye a rufaffen mazubi, a raba wa dangi a gari biyu ko uku.

In ba muhawwar ba, mene ne abin tsoro a abincinmu?

Afalatoksin, gubar fumfunar da ke kama gyaɗa, masara, dawa da angurya. Tana cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ciwon hanta nau'in B. Bincike a Sudan ya danganta yawan cin dakwar gyaɗa da aka ajiye a danshi da wannan ciwo. A Kenya a 2004 mutum 125 sun mutu daga masara mai fumfuna. Suya da dafuwa ba sa kashe ta.

A tuge gyaɗa da zarar ta ƙosa, kada ta kwana cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A shanya a kan tamfol ko tabarma, ba a ƙasa ba, har sai ƙwaya tana kaɗawa cikin kwanso, danshinta ya sauka zuwa kashi 8 cikin 100. Dawa da masara su sauka zuwa 13. Mai son gwadawa ya zuba hatsi cikin busasshiyar kwalba da cokali biyu na busasshen gishiri, ya girgiza, ya bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin rana. Buhuna su hau kan katako, nesa da bango. Kafin niƙa a tsince duk ƙwayar da ta yamushe, ta fashe ko ta canza launi, domin a cikinsu yawancin gubar take. Abin da aka tsince a binne shi ko a ƙone. Kada a sayar wa mai dakwa da araha, kada a matse shi mai, kada kuma a ba saniyar tatsa, domin gubar tana bi ta cikin nono zuwa ga yara.